Yadda ake shiga aikin binciken lafiya da fasahar asibiti a wuraren da kayan aiki suka yi ƙaranci

Tambayar nan an yi min ita har na daina ƙirgawa, daga nas-nas, daga masu karatun leb, daga 'yan kwamfuta, har da likitocin da suka gaji da kwanan asibiti, kowa dai abu ɗaya yake tambaya, wai ta ina ake shiga aikin gwajin magunguna da alluran rigakafi da na'urorin asibiti, kuma sai ka ji yawancinsu sun riga sun yanke wa kansu hukunci cewa sai da mastas daga Ingila ko Amurka. To ba haka ba ne. Abin da ake dubawa a wajen sabon shiga shi ne za a iya ba shi amanar takarda da amanar mutum ko ba za a iya ba, mastas ɗin tana zuwa ne daga baya. Zan jero matakan yadda na ga sun fi tafiya daidai, kuma jerin yana da muhimmanci, kar a tsallake. Ina cewa "kai" ne don sauƙin rubutu amma 'yan'uwa mata ku ma da ku nake, hasali ma a wuraren da na yi aiki kun fi yawa.

1. Fara sanin kujerar da kake nema

Kar ka ce "ina son aikin risac" kawai, wannan maganar ba ta kai mutum ko'ina. A kowane gwaji akwai babban mai bincike, wanda ake ce wa PI, shi ne duk abin da ya faru a wurin yake wuyansa, yawanci likita ne mai gogewa, ba nan za ka fara ba. A ƙarƙashinsa akwai kodineta mai riƙe da takardu da jadawalin zuwan mahalarta, wato mutanen da ake gwajin a kansu, akwai nas ɗin bincike, akwai mai harhaɗa magani da ke ajiye maganin gwajin yana ƙirga kowace ƙwaya, akwai 'yan leb, akwai mai kula da data, akwai ma'aikatan fili masu shiga gari suna bin mahalarta gida-gida. Sannan akwai monita, wanda masu ɗaukar nauyin gwajin ke turowa ya zo ya duba ko ana bin ƙa'ida.

Ɗauki biro ka rubuta kujera biyu da karatunka na yanzu zai iya kai ka, ɗaya ta kusa ɗaya ta nesa. Mai difloma a leb, ta kusa ita ce sarrafa samfur, wato jini da makamantansa da ake ɗeba, mai digirin lissafi ko kwamfuta ta kusa ita ce shigar da data da tsaftace ta.

Gargaɗi: kowa monita yake so ya zama saboda an ce akwai tafiye-tafiye da albashi mai kauri, amma da wuya a ɗauki wanda bai taɓa zama a wurin gwaji ya riƙe fayil da hannunsa ba, don ta yaya za ka kama kuskuren da ba ka taɓa ganin yadda ake yin sa ba.

2. Yi kwas ɗin GCP, kuma kar ka biya kuɗi

GCP ita ce ƙa'idar da duniya ta yarda da ita kan yadda ake gudanar da gwaji a kan ɗan'adam, ta fito a 1996, aka sabunta ta a 2016, aka sake fitar da sabon bugu na uku a farkon 2025. Babu wurin gwaji na ƙwarai da zai bar ka ka taɓa mahalarci ko fayil ɗinsa ba tare da satifiket ɗinta ba. The Global Health Network da ke Jami'ar Oxford suna da kwas ɗin kyauta a intanet, an tsara shi ne musamman don masu aiki a wuraren da ba su da yalwar kayan aiki, kuma waya ma tana buɗe shi. NIDA ta Amurka ma suna da nasu kyauta, ya fi tsawo, satifiket ɗinsa yana aiki shekara uku. Sai TRREE, shi kuma na ɗa'ar bincike ne, shi ma kyauta. CITI yana da kyau amma na kuɗi ne, ka bari sai wurin aikinka ya biya maka.

Kuɗin da za ka kashe a nan na data ne kawai. Kwana biyu zuwa mako ɗaya ya ishe ka idan ka zauna da gaske. Ka sauke satifiket ɗin ka ajiye a wuri biyu, ka tabbatar sunan da ke kai shi ne daidai sunan da ke kan takardun makarantarka, don na ga wanda aka mayar da shi ya sake kwas saboda ya yi rajista da sunan da abokai ke kiransa.

Gargaɗi: kar ka ba wani ya amsa maka tambayoyin, kuma ka duba wane bugu kwas ɗin yake koyarwa. A intabiyu tambayoyin GCP ɗin nan ake yi da baki, minti biyu ya isa a gane wanda ya karanta da wanda ya danna-danna kawai. Bayan kwas ɗin ka nemi Sanarwar Helsinki, wato takardar ƙa'idojin ɗa'ar bincike a kan ɗan'adam, ka karanta, gajeriya ce, tun 1964 take, gyaranta na baya-bayan nan a 2024 aka yi.

3. Koyi karɓar amincewar mahalarci har ya zama jikinka

Nan zan daɗe, don nan ne aka fi faɗuwa, kuma nan ne wanda ya iya yaren mutanen wurin yake fin mai digiri uku daraja. Karɓar amincewa ba sa hannu a fom ba ne, zama ne da mutum. Ga yadda ake bi.

Da farko ka duba fom ɗin da ke hannunka, shin shi ne bugun ƙarshe da kwamitin ɗa'a, wato masu ba da izinin bincike don kare mahalarta, ya amince da shi, akwai lamba da kwanan wata a ƙasan shafi, ka duba su kowace rana ba sau ɗaya ba. Sai ka zauna da mutumin a inda wani ba zai ji ku ba, ka yi masa bayani da yaren da ya fi ji: wannan bincike ne, ba a riga an tabbatar maganin yana aiki ba, ga abin da za a yi masa, ga sau nawa za a ɗebi jini kuma kamar cokali nawa, ga illar da aka sani, ga wanda zai kira in wani abu ya faru. In gwajin na ƙuri'a ne ka faɗa masa ƙarara cewa zai iya faɗawa rukunin da ba za a ba shi sabon maganin ba, kuma kai kanka ba ka da ikon zaɓa masa. Ka faɗa masa yana da damar ya ƙi, yana da damar ya fita ko gobe, kuma ba za a rage masa komai na kulawar asibiti ba.

Daga nan ka yi shiru, ka ce ya maimaita maka da bakinsa abin da ya fahimta. In ya ce "likita zai ba ni magani in warke" to bai gane ba, ku koma farko. In ya ce yana so ya je ya yi shawara da iyalinsa ka bar shi ya je, kar ka matsa masa don ka cika adadin da aka ce ka kawo a wannan makon. Wanda bai iya karatu ba dole a samu shaida wanda ba ma'aikacin binciken ba ne, ya zauna tun daga farkon bayanin har ƙarshe, mahalarcin ya dangwala yatsa, shaidan ya sa hannu. Yaro kuwa iyaye ko mai riƙonsa ne ke ba da izini, amma in ya kai shekarun fahimta shi ma sai an nemi yardarsa. Mutumin shi zai rubuta kwanan wata da hannunsa, ba kai ba. A ƙarshe ka ba shi kwafi ya tafi da shi gida.

Gargaɗi mai girma: ba a yin komai na bincike kafin sa hannu, ko awon nauyi ne in dai don binciken za a yi shi. Na taɓa ganin an ɗebi jini ƙarfe tara an sa hannu tara da rabi, wai don layi ya yi tsawo, wannan rabin awar sai da ta jawo rahoto zuwa kwamitin ɗa'a da sake horar da kowa.

Yadda za ka koya tun ba ka samu aiki ba: akwai samfurin fom ɗin amincewa na Hukumar Lafiya ta Duniya a intanet kyauta, ka sauke, ka fassara shi da baki ga wani dattijo a gidanku wanda bai yi boko ba, ka ga ko zai iya maimaita maka. Za ka sha mamakin yadda kalma kamar "ƙuri'a" ko "maganin da ba komai a cikinsa" take ba da wuya.

4. Hannunka a kan takarda

A wannan aikin abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba, ko da kuwa mutum goma sun gan ka kana yi. Duk abin da ka rubuta dole a san wa ya rubuta, a iya karanta shi, a rubuta shi a lokacin da abin ya faru, ya zama shi ne rubutun asali, kuma ya zama daidai. In ka yi kuskure ka ja layi ɗaya tak a kansa yadda za a iya ganin abin da ke ƙasa, ka rubuta daidai a gefe, ka sa haruffan sunanka da kwanan watan yau, in da buƙata ka rubuta dalili. Babu tipes, babu fensir, babu murje rubutu, babu rubuta awon zafin jiki a tafin hannu ko a guntun kwali da niyyar za ka kwafe anjima, don wannan guntun kwalin shi ne ya zama takardar asali kuma monita zai tambaye ka ina yake.

Ka san waɗannan tun kafin ranar farko: furotokol, wato littafin da ya faɗi duk abin da za a yi da lokacin da za a yi shi; takardar rabon aiki, wadda PI ke sa wa hannu cewa an yarda wane ya yi kaza, in sunanka ba ya kanta ba ka da ikon yin aikin ko da ka iya; sai rahoton matsala mai tsanani. In mahalarci ya rasu, ko aka kwantar da shi a asibiti, ko rayuwarsa ta shiga haɗari, ko ya samu naƙasa mai ɗorewa, ana sanar da masu ɗaukar nauyin gwajin cikin awa 24 daga lokacin da aka samu labari, ko da haɗarin babur ne ya kai shi asibitin ba maganin ba. Ba aikinka ba ne ka yanke cewa ai wannan ba ruwan magani, kai dai ka kai rahoto.

Gargaɗi: mayar da kwanan wata baya shi ne zunubin da ba a yafewa. Ka manta ka cike wani gurbi jiya? Ka rubuta yau, da kwanan watan yau, ka ce an makara. Kuskure ana gyara shi, ƙirƙirar data kuwa tana kashe aikin mutum gaba ɗaya, kuma duniyar binciken ƙarama ce, kowa ya san kowa.

5. Kayan aikin data, bi da bi

Ka fara da Excel, amma ka san halinsa, yana cinye sifirin da ke gaban lamba, mahalarci mai lamba 0045 sai ya koma 45, kuma yana juya rana da wata yadda ya ga dama, 3 ga Afrilu ta koma 4 ga Maris ba ka sani ba. Daga nan ka buɗe akawun kyauta a KoboToolbox, manhajar tattara bayanai da waya, ka gina fom. Kobo da 'yar'uwarta ODK duk tsarin XLSForm suke amfani da shi, wato a cikin Excel ɗin za ka rubuta tambayoyin, shafi ɗaya na tambayoyi ɗaya na zaɓuɓɓukan amsa, ka koyi sa iyaka yadda fom zai ƙi karɓar shekara 250 ko nauyin jariri kilo 40, ka koyi ɓoye tambayar juna biyu in mahalarcin namiji ne. Amfaninsu shi ne suna aiki a wayar Android ba netwok, sai an dawo inda akwai sabis a tura.

Sai REDCap, tsarin tattara datar bincike wanda Jami'ar Vanderbilt ta ƙirƙira a 2004, shi za ka fi gani a tallan aikin bincike. Kyauta ne ga cibiyoyin da ba na neman riba ba amma cibiya ake ba lasisi ba mutum ɗaya ba, don haka ka tambaya ko jami'arku ko asibitin koyarwa mafi kusa suna da shi, sannan Vanderbilt ɗin suna da kwas a Coursera kan sarrafa datar binciken asibiti. Na nazarin data kuwa ni manhajar R nake ba da shawara saboda kyauta ne har abada, Stata ya fi sauƙin farawa amma lasisinsa na kuɗi ne, kuma kar ka saba da na sata, ranar da za ka yi aiki a cibiya ta gaske ba za a bar ka ka sa shi a kwamfutarsu ba. In hankalinka ya fi karkata ga tsarin bayanan lafiya na gwamnati to DHIS2 na Jami'ar Oslo za ka koya, ƙasashe sama da 70 ke amfani da shi, suna da shafin gwaji da kowa zai iya shiga ya yi wasa da shi, sai OpenMRS na fayil ɗin marasa lafiya.

Ba ka buƙatar laftof mai tsada, tsohuwa mai RAM 8 da batir mai rai ta isa. Abin da ya fi satifiket shi ne ka gina abu ɗaya cikakke: fom mai tambaya 30, ka cike shi da bayanan ƙirƙira na mutum 50, ka sauke, ka tsaftace, ka fitar da tebur ɗaya da zane ɗaya. Wannan shi za ka nuna a intabiyu.

Gargaɗi: kar ka yi atisaye da fayil ɗin marasa lafiya na gaske da ka ɗauko daga wurin aikinka, kuma kar ka taɓa tura hoton fom mai suna ta WhatsApp, ko ga ogan ne.

6. Nemo inda ake aikin

Gwaji ba a ɓoye yake ba, ƙa'ida ce a yi masa rajista kafin a ɗauki mahalarci na farko, manyan mujallun likitanci ba sa buga sakamakon wanda bai yi ba. Saboda haka ka shiga ClinicalTrials.gov, ko PACTR na nahiyar Afirka, ko rumbun ICTRP na Hukumar Lafiya ta Duniya, ka sa sunan ƙasarka, ka zaɓi waɗanda ke kan ɗaukar mutane ko waɗanda ba su fara ba tukuna, za ka ga sunan asibitin da sau da yawa har da na mai binciken. Waɗanda ba su fara ba su ne suka fi buƙatar sababbin hannu.

Ka kuma riƙa duba shafin guraben aiki na cibiyoyin da suka daɗe a harkar, irin su MRC ta Gambiya, KEMRI-Wellcome a Kilifi ta Kenya, Ifakara a Tanzaniya, Navrongo da Kintampo a Gana, icddr,b a Bangladash. Ko ba za ka je can ba, tallansu zai nuna maka ainihin abin da ake nema a kowace kujera. Ka sa ido kan inda EDCTP da Wellcome da Gidauniyar Gates da Fogarty suka ba da sabon tallafi, duk inda kuɗi ya sauka ma'aikata za a ɗauka nan da 'yan watanni.

Imel ɗinka kar ya wuce layi takwas: kai wane ne, wane gwajin nasu ka gani da sunansa, me ka iya, GCP ɗinka na haɗe, kana neman a ba ka dama ko ta sa kai ce. Banda doguwar gaisuwa da labarin wahalar rayuwa. In mako biyu ya wuce shiru ka sake tuntuɓa sau ɗaya.

Gargaɗi: aikin sa kai a sa masa wa'adi, wata uku ko shida, a rubuce, kuma a sa sunanka a takardar rabon aiki, in ba haka ba za ka shekara kana ɗaukar fayil ba ka da shaidar komai. Kuma duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko kuɗin horo kafin a ɗauke ka aiki, ɗan damfara ne ko da tambarin wace ƙungiya ya manna.

7. CV da intabiyu

Shafi biyu, ka sa hannu da kwanan wata don haka ake ajiye shi a fayil ɗin gwaji. Ka rubuta abin da ka yi da adadi na gaskiya, fom nawa ka shigar, samfur nawa ka sarrafa, ka rubuta yarukan da kake ji, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A intabiyu za su ba ka labari ne su ce me za ka yi: ka gano an yi amfani da tsohon fom ɗin amincewa, ko firij ya ɗumama cikin dare, ko PI ya ce ka sa hannu a madadinsa. Amsar kusan kullum ɗaya ce, ka kare mahalarci, ka rubuta abin da ya faru yadda ya faru, ka sanar da na sama, ba ka ɓoye komai.

8. Watannin farko a wurin aiki

Karanta furotokol sau biyu, ka kwafe teburin ziyarce-ziyarce ka manna a inda kake zama, ka san tazarar kwanakin da aka yarda mahalarci ya zo a ciki. Ka koyi firij kamar ɗanka: yawancin alluran rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye su, ana rubuta awo safe da yamma har ranar hutu, kuma sababbin shiga zafi kawai suke tsoro alhali daskarewa ma tana lalata wasu, irin ta ciwon hanta nau'in B da ta tetanus. In awo ya fita daga iyaka ba a zubarwa kuma ba a ci gaba da amfani, a keɓe a rubuta a tambayi masu maganin. Ka san wa ke da makullin janareta, ka san lambar wa za a kira ƙarfe biyun dare in firizar -80 ta fara kuka. Kwalbar samfur a gaban mahalarci ake manna mata lamba, ba a tara su a yi daga baya. In za a riƙa tura samfur ta jirgi ka nemi a sa ka a horon IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama, kan yadda ake shirya samfur a tura, ƙaramin satifiket ne amma masu shi ba su da yawa.

Ni kuskurena na farko mahalarta na raina wa hankali, na ɗauka in mutum ya yi alkawarin dawowa zai dawo, ban karɓi lambar waya ta biyu ba, ban rubuta kwatancen gida ba, da lokacin ziyara ta uku ya yi mutum huɗu suka ɓace min kamar ƙasa ta haɗiye su. Tun daga ranar nake karɓar lamba biyu da kwatance, da izininsu.

9. In fasaha ce ta ja ka

'Yan injiniya da 'yan manhaja, ku ma matakai na 2 zuwa 4 sun hau kanku, don duk na'urar da za ta taɓa mara lafiya sai an gwada ta da izinin kwamitin ɗa'a, har akwai ma'auni na musamman, ISO 14155 na gwajin na'ura a kan mutane da ISO 13485 na ingancin ƙera ta. Amma kafin ka zana komai ka je ka zauna a ƙaramin asibiti mako biyu kana kallo kawai, ka leƙa ɗakin da ake jibge injinan da suka mutu, ka tambayi me ya kashe kowanne. Za ka tarar ba wani babban abu ba ne, fiyus ne, batir ne, ƙura ce ta toshe matatar injin, sinadarin da injin ke ci ne ya ƙare ba a sayar da shi a ƙasar, ko wanda aka koya wa aiki da shi an yi masa canjin wurin aiki.

Injin gwaji na GeneXpert misali ne mai kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a ƙarshen 2010, yana gano tarin fuka da ko ƙwayar ta bijire wa maganin rifampicin cikin kamar awa biyu, abin da a da ake jira makonni, amma yana son wutar da ba ta yankewa a tsakiyar gwaji, yana son ɗakin da bai wuce digiri 30 ba, ga ƙura tana kashe masa sassa, shi ya sa mai iya haɗa masa sola da batir da kula da shi yake da daraja kamar mai karanta sakamakon. Sannan na'ura tana iya aiki a can ta gaza a nan: abin awon iskar oksijin da ake maƙalawa a yatsa an nuna yana iya ba da lamba sama da gaskiya a kan masu duhun fata, kuma tsinken gwajin maleriya mai neman furotin HRP2 ya riƙa kuskure a inda ƙwayar cutar ta daina samar da furotin ɗin, har Eritiriya ta canza irin tsinken da take amfani da shi a 2016. Irin waɗannan tambayoyin su ne abincin mai bincike a wurarenmu, kuma ba sa buƙatar leb na biliyoyi.

Don haka ka koyi lissafi biyu da kyau: cikin masu cutar da gaske nawa na'urar ta kama, cikin marasa ita nawa ta wanke, kuma da wane gwaji aka auna ta. Mai manhaja kuma ya gina ta yadda za ta yi aiki ba intanet a kan waya mai araha, ya koyi FHIR, ƙa'idar musayar bayanan lafiya tsakanin manhajoji, don ta iya magana da sauran tsare-tsare, ya tambayi ma'aikatar lafiya me suke amfani da shi tun kafin ya rubuta layi ɗaya.

Gargaɗi: nas ɗin da ke cike rajista huɗu da hannu ba za ta yi maraba da manhajarka ba in ta zama aiki na biyar. Ka tambayi kanka wace takarda manhajar za ta ɗauke mata. Kuma ka tambayi wa zai biya kuɗin sabar da manhajar ke zaune a kai da na data ranar da tallafi ya ƙare, manhajoji da yawa a nan suka mutu.

10. Sai yanzu maganar ƙarin karatu

Bayan shekara ɗaya zuwa biyu kana aiki ka san abin da ya rage maka, a lokacin ne mastas take da amfani, kuma a lokacin ne takardar neman tallafinka take da abin faɗa. Makarantar LSHTM ta Landan tana da mastas ta gwajin magunguna da ake yi daga nesa kana kan aikinka, ana iya biya kwas-kwas, amma da tsada, don haka ka fara duba tallafin karatu na Commonwealth da Chevening da DAAD, da shirin TDR na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ke ɗaukar nauyin mastas a wasu jami'o'in ƙasashe masu tasowa. Chevening sai da gogewar aiki ta shekara biyu, ka ga dalilin da ya sa na ce a fara da aiki. Jarrabawar ACRP da ta SOCRA, masu ba da shaidar ƙwarewa a aikin gwaji, ma sai wanda ya riga ya tara dubban awannin aiki, kuma na kuɗi ne, kar ka yi gaggawarsu.

Ka buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike, kyauta ne, minti biyar. Ka tambayi laburaren cibiyarku ko suna da Research4Life don karanta mujallu ba biya. In za a rubuta takarda daga aikin da kake ciki ka yi maganar sunanka tun kafin a fara rubutu, ka karɓi wani sashe ka rubuta da kanka, don tattara data kaɗai ba ya sa a lissafa mutum cikin marubuta, sau da yawa a godiya ake ambatonsa.

Gargaɗi: mujallar da ta turo maka imel tana yabonka tana alkawarin bugawa cikin kwana biyar in ka biya, ta bogi ce, kuma sunanta a CV ɗinka rage maka daraja zai yi. Ka duba ko tana cikin DOAJ ko PubMed, rumbunan da ke tace mujallu kafin su jera su, kafin ka tura. Mujallun ƙwarai masu karɓar kuɗin bugawa da yawansu suna yafewa ko su rage wa marubuta daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma sai ka nema a lokacin da kake tura takardar, in ka bari sai an karɓe ta an turo maka bil, da wuya su saurare ka.